Me Ke Sa Gida Tsada a Ƙasar Manga?

Lacca kan muhalli da zaman rayuwa a Maine-Soroa, Diffa da kwarin Komadugu



 Ina gaida iyayenmu sarakuna, lawanai da bulamomi, Allah ya ja zamaninku. Ina gaida malamanmu, Allah ya ƙara sani. Ina gaida wakilan hukuma, da iyayenmu mata, da magina, da ƴan kasuwa, da matasan da suka ajiye ayyukansu suka zo saurare. Waɗanda suka taso daga Diffa, Shetimari, Geskeru da Gudumariya, sannunku da hanya.

An nemi in yi magana kan zaman rayuwa da tsadar gida a wannan yanki namu. Baƙon da ya taso daga Damagaram, ya biyo kwalta ta Gure har ya iso Maine-Soroa, abin da zai cika masa ido shi ne fili: tudun rairayi bayan tudun rairayi, sai kwari jefi-jefi da dabino da goruba. In aka ce masa a nan ana kukan wurin zama, magidanci kan yi shekaru yana tarin kuɗin fili bai samu ba, zai riƙe baki. Yaya ƙasa mai faɗi haka za ta kasa wadatar da mutanenta da wurin kwana?

Ga amsata tun daga farko. Ƙasa kam muna da ita. Wadda ta yi ƙaranci ita ce ƙasar da magidanci zai kafa gida a kanta ya yi barci hankali kwance: inda akwai tsaro, inda ambaliya da rairayi ba za su cinye ta ba, inda ruwan sha ke kusa, inda kuma ba wanda zai zo gobe ya ce tasa ce. Filin da ya haɗa waɗannan huɗu shi ake rububi, shi ne farashinsa ke hawa. A daidai lokacin da yake hawan kuma, hannun da zai saya ya yi rauni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka da yawa daga cikin abin da zan faɗa kun riga ni saninsa. Nawa shi ne in jera muku shi, mu ga yadda wannan ke jawo wancan.

Yadda muka gaji zama

Kakanninmu ba su san sayen gida ba. Saurayi in ya isa aure, mahaifinsa kan nuna masa gefen gida, ko a je wurin bulama a roƙi wuri. Laka tana kwari ko bakin kogi, azara tana jikin goruba, zana da kaba mata da maza sun iya saƙa su. A kira gayya, a dafa abinci, ɗaki ya tashi. Makiyaya kuwa, Fulani da Tubawa da Larabawa, gidansu na bin dabbarsu. Abin da gida ke ci a wancan zamani shi ne gumi da zumunci.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne arzikin ƙasa. Gero a tudu, dabino da kanwa da mangul a kwari, tattasai da shinkafa da albasa a bakin Komadugu, banda daga tafkin Chadi, dabbobi ko'ina. Sai farin 1973 da na 1984 suka karya garken mutane da yawa, suka tura su gefen garuruwa. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye har ya bar Ngigmi a tudu. Jama'a kuma na ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta nuna yawan ƴan Nijar na hawa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara, wato a ƙasa da shekara ashirin mun ninka. Tun kafin rikici, ke nan, buƙatar ɗaki ta riga ta fara wuce abin da gayya za ta iya tayarwa.

Shekarun gudun hijira

Abin da ya sauya komai cikin ɗan lokaci shi ne yaƙi. Tun 2013, da Najeriya ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, mutane suka fara ƙetaro kogi. A watan Nuwamba na 2014 aka auka wa Damasak, dubbai suka tsallako Gagamari da Shetimari. Ran 6 ga Fabrairu 2015 wutar ta iso gida, aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan nan aka kafa dokar ta-ɓaci a jiharmu. A watan Mayu na wannan shekara aka umarci mazauna tsibiran tafki su fito. Ran 3 ga Yuni 2016 harin Bosso kaɗai ya tarwatsa mutum kimanin 50,000. Jihar da ƙidayar 2012 ta ce mutanenta ba su cika 600,000 ba, sai ga ta ɗauke da kusan mutum 250,000 da suka rabu da gidajensu, wasu baƙi daga tsallake, wasu namu na gida. A watan Afrilu na 2021 kuma aka sake taɓa Damasak da Gaidam, maƙwabtanmu na kusa.

Akwai sansanin Sayam Forage, amma mafi yawan waɗannan bayin Allah ba sansani suka shiga ba. Wasu sun kafa bukkoki a gefen kwalta, a wurare irin su Ngagam, Kinjandi da Asaga. Wasu kuma gidajenku suka shiga. Ina faɗa da babbar murya: abin da talakan Manga ya yi a waɗannan shekaru, na raba ɗakinsa da rumbunsa da wanda ya zo masa hannu rabbana, abin alfahari ne, Allah ya saka da alheri.

To amma mu dubi abin da wannan ya yi wa farashi. Kafin 2015 mutum na iya zama a ɗaruruwan ƙauyuka tsakanin nan da Bosso. Bayan 2015 wuraren da ake jin an tsira suka koma ƴan kaɗan: Diffa, Maine, Shetimari, Ngigmi, da bakin kwalta. Sai farashi ya rabu biyu. Gida mai kyau a ƙauyen bakin kogi, da lambunsa da injin ban-ruwansa, ba mai taya shi. Ɗaki ɗaya a Diffa kuwa mutum biyar ke nema. Manomin da jiya yake da rufin asiri ya iso gari ba zai iya sayar da tsohon gidansa ya sayi sabo ba, domin dukiyarsa ta maƙale inda ƙafarsa ba ta iya takawa. Wannan asara ba ta fitowa a lissafin kowa, amma ita ta mai da masu gida ƴan haya.

A kan haka sai wasu masu neman gidan suka ƙaru, kuma su da kuɗi a hannu: ƙungiyoyin agaji da ma'aikatansu, jami'an tsaro, ma'aikatan gwamnati, ɗaliban Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014. Wanda zai biya wata shida ko shekara gaba ɗaya da sefa, shi mai gida zai fi so. Da zarar gida ɗaya a layi ya samu irin wannan ɗan haya, sauran masu gidaje sun ji labari, dillalai sun ɗauka. Malamin makaranta da mai shago da bazawara mai marayu su ne ke ja da baya zuwa bayan gari.

Kogi da rairayi

Bayan garin nan kuma ba duka ne wurin zama ba. Komadugu kogi ne mai albarka, amma ruwansa ba a nan yake sauka ba. Daga ƙasar Kano yake tasowa ta kogin Haɗejia, da tsaunukan Jos da Bauchi ta kogin Jama'are, ya ratsa fadamun Haɗejia da Nguru, ya iso mana bayan makonni. Shi ya sa ambaliya kan same mu a wajen watan Oktoba, bayan damina ta ɗauke, sama tana wasai. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyarsa, aka yi shekaru ruwa na zuwa kaɗan, har mutane suka saki jiki suka yi gini a inda dattawa suka san hanyar ruwa ce. Sai ga ambaliyar 2012, ga ta 2019, ga ta 2022. A ambaliyar Oktoban 2019 mutum kimanin 23,000 suka bar muhallinsu a jihar nan, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya riga ya kora sau ɗaya.

Fili mai araha a gefen gari, sau da yawa, shi ne na gangare. Talaka ya saya don shi aljihunsa ya kai, ya gina da laka don ita yake iyawa, ruwa ya zo ya kwanta a gindin bango kwana goma, bango ya zauna. Ya biya kuɗin gida sau biyu, alhali mai hali da ya sayi tudu sau ɗaya ya biya.

Mu nan Maine da Gudumariya muna da namu abokin gabar, wato rairayi. Inda aka sare goruba da sauran itatuwa, iska kan tayar da tudu ya yi tafiya, ya binne gona, ya toshe rijiya, ya hau katanga. An yi aiki mai yawa na kafe tudu da shingen kaba da dashen itatuwa, ta hannun ƙungiyar Karkara da shirin PLECO da jama'ar ƙauyuka. Wannan aiki aikin muhalli ne kai tsaye: duk kwarin da rairayi ya cinye, iyalansa gari za su nufo neman ɗaki. Ku lura kuma da yadda abin ke zagayowa. Ana sare goruba don a samu azarar rufin ɗaki, sarewar ta saki rairayi, rairayin ya kori mai ɗakin.

Kuɗin tayar da bango

A ce mutum ya dace da fili mai kyau. Saura gini. Ƙasarmu ba ƙasar dutse ba ce, tsakuwa sai an ɗauko ta daga nesa. Rairayin tudu, duk yawansa, ya cika laushi, ba kowane aikin siminti yake yi ba. Siminti kuwa in na gida ne daga Malbaza zai taso, tafiyar fiye da kilomita 800, in na Najeriya ne sai ya ratso iyaka. Haka kwano, haka rodi, haka katako da ƙusa. Tsakanin Yamai da Diffa akwai sama da kilomita 1,300, kuma kowace kilomita, kowane shingen bincike, kowace litar gazuwal, a kan buhun simintin take sauka.

Iyaka kuma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake rufe ta har farkon 2024. Ga kuma Naira, wadda ita ce kuɗin cinikin yau da kullum a kasuwanninmu da dama. A watan Mayun 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da Yuro, ba ta motsa ba. Wanda ya sayar da tattasai ko rago da Naira, ya zo biyan kuɗin fili ko haya da sefa, shi ya ji abin a jikinsa.

A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje a faɗin ƙasa, gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti. A 2025 kuma ta ɗauki matakin ƙayyade kuɗin haya. Matakai ne masu sauƙaƙa wa jama'a, kuma ya kamata a tabbatar sun iso har nan. Sai dai ƙayyade haya ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya a gari, kuma siminti ko ya sauko bai sauko har aljihun wanda ba ya da abin shiga ba.

Aljihun mai saye

Nan ne zuciyar maganar. Tsada ba adadin kuɗi ba ce kawai, tazara ce tsakanin farashi da abin da mutum ke samu. Wani rahoton ƙungiyar Oxfam na 2017 ya ƙiyasta cewa kafin rikici, tattasai da bandar kifi na shigo wa jihar nan da kimanin miliyar 28 na sefa a shekara. Wannan kuɗi shi ke zama kwano a kan ɗaki, shi ke zama sadaki, shi ke biyan magini. A 2015, saboda dalilan tsaro, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita taki da man fetur, aka hana hawa babur. An ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma gonaki da yawa na bakin kogi sun daɗe ba a shiga ba, jari ya karye, ƴan kabu-kabu sun rasa sana'a. Shekarun da gida ya fi tsada su ne shekarun da kuɗi ya fi wuyar samu.

Mu ɗauki ma mai albashi. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Masana harkar gidaje kan ce bai kamata haya ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu ba, wato jika 14. Ku da ke zaune a Diffa ku auna da kanku irin ɗakin da jika 14 za ta kama wa mai mata da ƴaƴa biyar. Kuma mafi yawanmu ko wannan albashin ba mu da shi. An buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018, amma bashin banki na neman takardar albashi da takardar fili, manomi da makiyayi da mai tireda kuwa ba su da ko ɗaya. Shi ya sa gininmu na adashe ne da sayar da bisa: bana tushe, baɗi bango, sai wata shekara rufi. Kangayen da kuke gani a bayan gari ba lalaci ba ne, gini ne da ke jiran kaka mai kyau.

Abin da ke cikin gidan

Idan gida ya yi tsada, mutane ba sa kwana a titi, matsuwa suke yi. Iyali biyu ko uku a gidan da aka gina wa ɗaya, masai ɗaya ga mutum ashirin, balagaggun yara maza da mata a ɗaki guda. Wannan na taɓa lafiya, yana taɓa tarbiyya, yana taɓa zaman aure. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar nan, musamman a matsugunan ƴan gudun hijira inda ruwa mai tsabta da masai suka yi ƙaranci, kuma mata masu ciki ya fi kashewa. Lokacin hunturu, bukkokin zana da tamfol da ke manne da juna, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Lokacin bazara, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin ba ya shiguwa da rana, tsofaffi da jarirai su suka fi wahala.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi cikin haya. Wanda ke unguwar da famfo bai kai ba, wurin ƴan garuwa yake sayen ruwa, kuma jarkarsa ta fi ta mai famfo a gida tsada. Wanda ke nesa da kasuwa da makaranta da asibiti kullum yana biyan abin hawa, ko matarsa da ƴarsa su biya da ƙafa. In an haɗa duka, ɗakin bayan gari mai araha kan fi na tsakiyar gari cin kuɗi. Iyayenmu mata su suka fi kowa sanin wannan lissafi, domin a kansu yake ƙarewa.

Maganar takarda

Sharaɗi na huɗu cikin waɗanda na lissafa tun farko shi ne tabbacin mallaka. A nan muna da tarihin da ya kamata mu riƙe. Nijar ta kafa dokar tsarin karkara ran 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya ta kuma buɗe hanyar rubuta ta. Hukumomin filaye na farko da aka kafa a ƙasar nan a 1994, waɗanda muke kira Kofo, a Maine-Soroa da Mirya aka kafa su. Mu aka fara koya wa cewa shaidar baki tana mutuwa da mai ita, takarda kuwa tana saura.

Duk da haka har yau ana cinikin fili a gindin bishiya, da shaidu biyu da goro. Da fili ba shi da daraja, wannan ya wadatar. Yanzu da ya zama kuɗi, sai ga fili ɗaya an sayar wa mutum biyu, ga magada sun taso bayan rasuwar mai sayarwa, ga gonar gefen gari an yanka ba hanya ba magudana, ga burtali an shiga, alhali dokar kiwo ta 2010 ta kare shi. Wanda aka ba aron wuri ya kafa bukka shekara takwas ba zai dasa ko bishiya ba, balle ya haƙa masai, don bai san ranar da za a ce ya tashi ba. Sannan akwai mata. Shari'a ta ba matar mamaci da ƴaƴansa mata rabonsu a gida da fili, amma sau nawa ake sayar da gidan gado ba a tambaye su ba? Malamanmu, wannan magana taku ce, a ji ta a kan mumbari.

Abin da aka riga aka gwada

Ba sai mun je nesa neman magani ba. Maine-Soroa na cikin garuruwan farko da Hukumar Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa hannu da ma'aikatar magajin gari aka yanka sababbin filaye bisa tsari. Yadda abin yake: a daidaita da masu gonaki, a auna, a fitar da hanyoyi da wuraren makaranta da kasuwa, a ba masu ƙasa nasu kason a matsayin diyya, ma'aikatar magajin gari ta riƙe wani kaso ta sayar don ta samu kuɗin aiki, sauran a ba marasa ƙarfi, baƙi da ƴan gari a cakuɗe, kowa da takardarsa. Daga baya, da tallafin Tarayyar Turai, aka faɗaɗa shirin zuwa wasu ƙananan hukumomin jihar da niyyar gina gidaje 4,000, aka koya wa matasa buga tubalin ƙasa da ake matsewa da inji da ɗan siminti kaɗan. Darasin a fili yake: idan hukuma ta riga dillali isa bayan gari, ta kai hanya da ruwa da takarda, filin kirki ya yawaita, farashi ya lafa. Inda kuma aka yanka fili ruwa bai je ba, mutane ba sa tarewa.

Darasi na biyu shi ne mu daina raina ƙasa. Mun ɗauka ginin laka alamar talauci ne, na bulo alamar ci gaba. Amma masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou ta yi gidajen zamani da tubalin ƙasa a Yamai. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda babu kamarta a wannan fanni. Tun 1980 kuma aka fara koyar da gini ba itace a Cikal, wato rufin baka da ƙubba na tubali zalla, wanda ba ya neman azara ko ɗaya. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, kuɗinsa kuma a hannun ɗan gari yake tsayawa. Rauninsa biyu ne, ruwa da kanwa da ke cin gindin bango. Maganinsu sananne ne: a gina a tudu, a ɗaga tushe, a sa simintin inda ya fi amfani, wato ƙasan bango da indararo, a riƙa yaɓe kafin damina.

Abin da ya rage gare mu

Ga ma'aikatun magajin gari: a fitar da taswirar inda ruwa ya kai a 2019 da 2022, a kafa alamu, a daina ba da izinin gini a ciki. A yanka filaye a tudu tun kafin jama'a su isa, kuma kada a sayar da fili ko ɗaya sai ruwa ya je. A buɗe rajistar ciniki da haya da kowa zai iya dubawa, domin farashin da ke bakin dillali kaɗai ba ya sauka.

Ga gwamnati: man da ake haƙowa a Agadem, wanda ke ciyar da matatar SORAZ tun 2011, yake kuma bin bututu zuwa gaɓar tekun Benin, daga ƙasar jihar nan yake fita. Dokar man fetur ta ware wa yankin da ake haƙowa kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da ke shiga. A biya shi kan lokaci, a bayyana wa jama'a nawa ne, a sa kaso mai tsoka a ruwan sha, magudanai da kariyar bakin kogi. Muna da Hukumar Tafkin Chadi tun 1964, muna da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da muke tarayya da Najeriya. A yi amfani da su, labarin ruwa ya riga ruwa isowa, tunda makonni yake yi a hanya.

Ga iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku: kada a shaida cinikin fili sai an rubuta a Kofo, kada a raba gado sai mata na zaune. Wanda aka ba aro, a rubuta masa wa'adi, ya san matsayinsa.

Ga masu gidajen haya: riba halal ce, amma wanda ke ƙarƙashin rufinka amana ne. Gidan da ba masai ba ruwa bai cancanci ƙarin kuɗi ba, kuma korar mai iyali tsakiyar damina don wani ya ƙara jika biyu ba halin mutanen Manga ba ne.

Ga matasa: gini sana'a ce mai ci. Ku koyi buga tubali, rufin ƙubba, aikin famfo da na wutar sola. Gidajen da jihar nan ke buƙata ko ku gina su, ko a ɗauko wasu daga nesa su gina ku kuna kallo.

Babban maganin tsadar gida a gari kuwa shi ne ƙauye ya zaunu. Marigayi Shugaba Tandja Mamadou, ɗan wannan gari da ke kwance a cikinsa, ya gane haka lokacin da shirinsa na musamman ya bi karkara da azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi. A watan Yunin 2021 mutum kusan 6,000 suka koma Baruwa bayan shekaru suna gudun hijira, abin da ya nuna cewa mutane na son gidajensu in an ba su tsaro. Duk iyalin da ya koma gonarsa ta tattasai lafiya, ɗaki ɗaya ya saki a Diffa, buhun tattasai kuma ya ƙaru a kasuwa. Wanda ya zaɓi ya zauna tare da mu kuwa, ya zama namu, a ba shi wurin da zai kira nasa.

Ina roƙon kowa a nan kada ya tashi hannu wofi. Mai fili ba takarda, ya nufi Kofo cikin wannan wata. Mai shirin gini, ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa kafin ya haƙa tushe. Mai faɗa a ji a ƙaramar hukuma, ya kai maganar ruwa da yankan filaye zama na gaba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci, ya rufa wa marasa muhalli asiri, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.